Zamiya a kan ƙanƙara ko amalanken doki: yini ɗaya a tafkin Louise

Tafkin Louise yana cikin gandun dajin Banff, a lardin Alberta na Kanada, sama da mita 1,700 daga doron teku. Da hunturu ya kankama ruwansa kan daskare, har a share fili a kansa don masu zamiya. A bakin tafkin kuma ga amalanke marar taya, manyan dawaki biyu na jan sa bisa dusar ƙanƙara. Abokai sukan rabu gida biyu a nan.

Zamiya aikin jiki ce. Takalmin yana da siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, kuma sai an ɗaure shi tamau, in ba haka ba idon sawu ya yi ta lanƙwashewa. Sabon shiga zai sha ƙasa, abokai su yi masa dariya, ya tashi ya sake. Amma cikin minti goma jini ya ɗumama, ka manta da sanyin. Kuɗinta ma kaɗan ne, hayar takalmi kawai.

Amalanken kuwa zama ne. A lulluɓe ka da bargo, ƙararrawar dawaki na kaɗawa, kana kallon duwatsu da dogayen itatuwa. Ya fi tsada, kuma da yake ba ka motsi, yatsun ƙafa ne ke fara kuka. Ga mai tafe da tsoho ko jariri, shi ne daidai.

Ni dai zamiya zan ɗauka da hantsi. In ƙafa ta gaji, a hau amalanken kafin rana ta faɗi, don a Disamba kafin ƙarfe biyar ta ɓuya.