Hattara da masu tallar "azurfar limaman cocin Jamus"

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar tsofaffin sulallan azurfa, wai na zamanin da manyan limaman coci ke sarauta a Jamus. Cewa yake an tono su ne cikin tulu a wani kangon Jamusawa a arewacin Kamaru. Sai ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami, sannan direba ya kawo maka kaya.

Sulallan dai akwai su a tarihi. Bishop-bishop na Mainz, Trier, Kolon, Würzburg da Bamberg sarakuna ne masu ƙasa da talakawa, kuma suna buga kuɗinsu, taler, ɗauke da hotonsu da tambarinsu. Na Mainz ma da alamar ƙafar keke ake gane shi. Amma a 1803 aka rushe waɗannan masarautu aka raba ƙasashensu. Jamusawa kuwa sai 1884 suka kafa mulki a Kamaru, kuma da kuɗinsu mark suka zo. To wane ɗan mulkin mallaka ne zai cika tulu da kuɗin da aka daina bugawa tun zamanin kakansa? Azurfar Turai da ta zaga kasuwannin Borno da Kano ita ce riyalin Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, ita kuwa ta Ostiriya ce.

Ku duba hotunan nasa da kyau. Sulalla biyar, duk tabo ɗaya a kumatun bishop ɗin, duk lotsawa ɗaya a gefe. Daga mazubi ɗaya aka zuba su ke nan. Na gaske bugawa aka yi, rubutun na fita tsaf. Na zubi kuwa haruffansa sun dakushe, da 'yan ramuka kamar fuskar waina, da layin haɗi a kewaye. Baƙin da ke jiki ma shafa shi aka yi.

Taler ɗin da aka buga bisa yarjejeniyar buga kuɗi ta 1753 nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Kada ku dogara da maganaɗisu kaɗai, domin tagullar da aka yi wa wankan azurfa ita ma ba ta kamawa. A kai wa maƙerin farfaru ya ɗora a sikeli, ya saurari ƙararsa.

Da wani ya ce wa mai tallar su haɗu a rumfar maƙeri a gwada kafin a biya, nan take ya cire shi daga zauren. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da saƙonnin, ya sanar da bankinsa yau, ya kai rahoto wurin 'yan sanda.