Gargaɗi: Damfarar Masu Ɗaukar Hoto a Garuruwan Bakin Teku

Jama'a masu shirin tafiya hutu da iyali ko yawon amarci zuwa garuruwan bakin teku, a yi hattara da wata damfara da ke fakewa da sana'ar ɗaukar hoto. Mu da muka san aikin kyamara muka ga ya dace mu fayyace yadda abin yake tafiya, domin masu sana'ar na gaskiya suna da yawa, kuma ɓata-garin nan suna shafa musu kashin kaji.

Abin da ya ba ɗan damfara ƙarfi a wannan harkar shi ne kai baƙo ne. Kana biyan kuɗi tun kafin ka sauka a garin, hotuna kuma ba sa fitowa sai ka riga ka koma gida. Kwanakin da za ka yi a wurin ba su da yawa, ba ka san inda ake kai ƙara ba, wataƙila ma ba ka jin yaren mutanen garin. Shi kuwa ya san ba za ka sake yankar tikitin jirgi don ka dawo neman kafin alƙalami ba. A kan wannan lissafin suka ɗora duk dabarunsu.

Kashi na farko, kuma mafi muni, shi ne wanda babu mai hoto a bayansa sam. Mutum zai buɗe shafi a Instagram ko Facebook, ya kwaso hotunan masu sana'a daga ƙasashe daban-daban, ya yanke gefen da tambarinsu yake, ya sayi mabiya, sannan ya biya kuɗin talla don shafin ya riƙa faɗo wa duk wanda ke binciken otal a garin. Da ka yi masa magana zai amsa nan take, ya ce ranar da kake so saura gurbi ɗaya, akwai ma wani iyali da ke nema, in ba ka tura kuɗi yau ba ya ba su. Ka tura. Ana gobe aiki ya ce motarsa ta lalace ko yaronsa ba lafiya, a ɗaga zuwa jibi. Jibin kuwa ita ce ranar tashinka. Daga nan sai ka ga ya toshe ka, bayan mako biyu shafin ya sake suna, ya koma wani gari.

Gano irin wannan ba ya cin minti ashirin. Ka ɗauko hotuna biyar ko shida daga shafin, na sama da na can ƙasa, ka saka su a Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. In hoto ɗaya ya fito a shafin wani mai hoto da wani suna, magana ta ƙare. A Instagram ka shiga wurin bayanin asusun: yana nuna watan da aka buɗe shi, ƙasar da ake sarrafa shi, da ko an taɓa sauya masa suna. Wanda ya ce ya shekara goma yana aiki a gari, asusunsa kuma bai wuce wata huɗu ba, ga sauyin suna sau uku, ba sai an gaya maka ba. Ka duba hotunan da kansu. Mai hoto ɗaya yana da hannu ɗaya, launin aikinsa da yadda yake tsayar da mutane suna kama da juna. In wannan hoton yashi fari ne da bishiyoyin kwakwa, na gaba baƙin dutse ne da hazo, na gaba kuma gidajen wata nahiya, duk da sunan gari ɗaya, to tsince-tsince ne. Yanzu ma akwai masu haɗa hotuna da ƙirƙirarriyar basira, don haka a lura da yatsu, da inuwar da ba ta bin ɓangare ɗaya, da ƙafafun da ba su bar sawu a kan jiƙaƙƙen yashi ba.

Amma gwajin da ya fi kowanne shi ne ka nemi cikakken aikin rana ɗaya: duk hotunan da ya miƙa wa iyali guda, talatin ko hamsin, mutane ɗaya, kaya ɗaya, wuri ɗaya. Ɓarawon hoto yana iya satar guda ɗaya mai kyau daga nan da can, ba ya iya samun hamsin na zama ɗaya. Sai ka haɗa da kiran bidiyo na minti biyar, ya nuna fuskarsa da kyamararsa. Mai sana'a ba ya gudun wannan.

A cikin kiran ka yi masa tambayoyin da sai wanda ya san gaɓar zai amsa. Na farko: gaɓar tana fuskantar gabas ne ko yamma? In gabas take fuskanta, rana daga cikin teku take fitowa da safe, da yamma kuma bayan gari take faɗuwa. Wanda ya yi maka alkawarin hoton rana tana faɗawa cikin ruwa a irin wannan gaɓar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Na biyu: ruwa zai cika ko zai janye a lokacin da muka tsayar? A yawancin gaɓoɓin manyan tekuna ruwa yana cika sau biyu a rana, tazarar kimanin awa 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wurin da ake tsayawa a kan yashi ranar Litinin da ƙarfe shida yana iya zama cikin ruwa ranar Juma'a a daidai wannan lokacin. A Bahar Rum bambancin ɗan kaɗan ne, amma a gaɓoɓin Atilantika yana iya kai mitoci. Mai hoton gari yana duba jadawalin cikar ruwa kafin ya ba ka lokaci. Na uku: ƙarfe nawa? Haske mai kyau yana cikin awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta. Da rana tsaka haske daga sama yake saukowa, ya jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, yashi kuma ya mayar da shi fuska har kowa ya runtse. Wanda ya ce ƙarfe ɗaya na rana ya yi daidai, ba tare da ya ambaci inuwa ko filasha ba, ko dai bai iya ba, ko ya jera mutane goma a yinin yana kwasar kuɗi.

Maganar biya ita ce wurin da yawancin mutane ke faɗawa. Karɓar kafin alƙalami ba laifi ba ne a wannan sana'a, domin mai hoto yana hana wani ranar saboda kai. Shawararmu kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, ciko kuma a raba: wani a ranar aiki, wani bayan hotuna sun iso. Hanyar biyan ta fi yawan kuɗin muhimmanci. Western Union, kuɗin kirifto, katin kyauta da tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani, duk da wuya su dawo in sun tafi. A PayPal, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, akwai zaɓi biyu, na tura wa 'yan uwa da abokai da na biyan kaya da aiki. Na farkon ba shi da kariyar mai saye, shi ya sa ɗan damfara zai roƙe ka ka bi ta nan wai don a kauce wa cajin kamfani. Na biyun yana ba ka kwana 180 daga ranar biya ka shigar da ƙorafi. Katin Visa ko Mastercard ma yana da hanyar neman a dawo da kuɗi ta bankinka, galibi cikin kwana 120. Kuma in sunan da ke kan asusun karɓar kuɗi ya bambanta da sunan mai hoton, aka ce na ƙanwarsa ne ko na manajansa, ka dakata.

Kashi na biyu sun fi wuyar ganewa, domin suna zuwa da kyamara ta gaske, su yi aikin, ku rabu da fara'a. Farashinsu ƙasa yake da na kowa, kuma araha ba ta ado. Sai ka koma gida a turo maka hotuna ɗari biyu ƙanana, kowanne da tambari a tsakiyar fuska, a ce abin da ka biya na ɗauka ne kawai, kowane hoto da kuɗinsa daban, kuma bayan kwana bakwai za a goge. Ga hoton mahaifiya da jikokinta a bakin ruwa, wa zai bari a goge? A haka mutum zai biya ninki uku na abin da mai tsadar ya nema tun farko. Sayar da hoto ɗaya-ɗaya tsari ne da wasu masu gaskiya ke bi, amma suna faɗa tun kafin a ɗauka. Ɓoye shi ne damfarar.

Akwai kuma wasan girman hoto, wanda mutane ba sa ganewa sai sun je wankewa. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda ya isa a wanke shi kusan santimita 50 da 34 ba tare da ya dushe ba. Hoton da aka rage don Instagram faɗinsa yawanci fiksel 1080 ne, wanda a ma'aunin wanki mai kyau bai wuce santimita 9 ba. A waya duka biyun kyau suke yi. A bango ne na biyun ke fashewa. Don hoto mai santimita 20 da 30 kana buƙatar kusan fiksel 2400 da 3600. Saboda haka a rubuta lambar a yarjejeniya, kada a tsaya a kan "hoto mai inganci". Kada kuma ka karɓi aiki ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi. A turo a matsayin fayil, ko ta Google Drive da makamantansa. In ka buɗe bayanan hoto ka ga nauyinsa kilobait 200 ko 300, an ba ka ƙaramin ne. Cikakken JPEG daga irin wannan kyamarar yana kai megabait da yawa. Fayil ɗin RAW kuwa, wato ɗanyen hoton da ba a gyara ba, yawancin masu sana'a ba sa bayarwa, kuma ƙin bayar da shi ba alamar ha'inci ba ce.

Wasu shafukan dillalai ne: hotunan da ka gani na ƙwararre ne, wanda zai zo maka kuma yaro ne da ya fara koyo. A rubuta sunan wanda zai riƙe kyamarar. Ga masu duhun fata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Farin yashi, farin kaya da hasken ruwa suna ruɗar ma'aunin haske na kyamara, ta rage haske, fuska ta fito duhu ba a ganin ido. Wanda bai iya ba sai ya je ya ƙara haske a kwamfuta, fata ta koma kalar toka, kaya kuma su ƙone fari fat. Maganinsa a wurin ɗauka yake, da filasha ko faifan mayar da haske da wani zai riƙe. Ka nemi ganin aikinsa da mutane masu irin fatarka.

Uzurin "katin ajiya ya lalace" yana faruwa da gaske, amma ya zama mafakar maƙaryata. Kyamarorin aiki da yawa suna da gurbin kati biyu, suna rubuta kowane hoto a duka biyun lokaci guda. Ka tambaya ko tasa haka take. Kafin ku rabu a bakin teku ka duba hotunan a bayan kyamara, kuma ka nemi ya turo uku ko biyar cikakku kafin ka bar garin.

In an turo maka adireshin ganin hotuna, shafin ya ce sai ka shigar da kalmar sirrin Facebook ko ta imel ɗinka, ko lambar katin banki wai don tantancewa, ka rufe. Ma'ajiyar hoto ta gaskiya kalmar sirrin da mai hoton ya ba ka take nema, ko adireshin imel ɗinka kawai.

Masu yawo a gaɓa da kyamara a wuya, su ɗauke ka ba ka sa su ba sannan su biyo ka da farashi, maganinsu gajere ne: ba ka nema ba, ba ka biya. In kana so, a yi ciniki kafin a danna, a faɗi kuɗin wace ƙasa ake nufi, na hoto ɗaya ne ko na duka. Masu tallan ɗauka da ƙaramin jirgi mara matuƙi kuma a tambaye su rajista da izini. A Tarayyar Turai da Amurka iyakar tashinsa kimanin mita 120 ne, kuma tashi a kan taron jama'a yana da takunkumi. Wasu gaɓoɓin da wuraren tarihi ma ɗaukar hoto na kasuwanci sai da takarda. In jami'ai suka tsayar da aikin, kuɗin da ka biya ne ke tafiya.

Yarjejeniya ba sai ta lauya ba, saƙo ɗaya da ya amsa da "na yarda" ya fi babu. Ya ƙunshi cikakken sunansa da adireshin sana'arsa, rana da lokaci da wurin haɗuwa, tsawon aiki, adadin hotunan da za a gyara a miƙa ba tare da tambari ba, girmansu, ranar miƙawa, jimillar kuɗi da cewa babu ƙari, da abin da za a yi in an yi ruwan sama ko shi bai zo ba. A ƙara layi ɗaya kan wallafawa. A yawancin ƙasashe haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne ko da kai ka biya, don haka in ba ka son hoton matarka ko 'ya'yanka ya zama talla a shafinsa, sai ka rubuta.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada ya biye wa "gobe, gobe". Jan lokacin da gangan ne, don wa'adin ƙorafi ya wuce. Ka adana hoton duk hirarku, rasit da adireshin shafin tun kafin a goge, ka ba ɗan damfarar wa'adin kwana bakwai a rubuce, in ya cika ka shigar da ƙorafi a banki ko PayPal, ka kai rahoton shafin, ka kuma sanar da mai hoton da aka sace wa aiki, domin ƙorafinsa na haƙƙin mallaka ya fi saurin sa a sauke shafi. In ka bayyana abin da ya faru a fili, wasu za su shigo maka ta saƙon sirri su ce suna iya kwato kuɗinka in ka biya ɗan wani abu. Su ma 'yan damfara ne, wani lokaci ma mutumin farko ne da sabon suna.