"Your coming" ko "you coming": wanne ke bin "look forward to"?

Malama, tambayarki kashi biyu ce. Kin ga an rubuta "I look forward to your coming" a wata wasiƙa, kin kuma ji ana cewa "I look forward to you coming", kina so ki san wacce ce daidai. Sannan kin tambayi dalilin da ya sa malami ya ja wa ƙanwarki jan biro a kan "I look forward to hear from you". Bari a fara da ta biyun, domin sai an warware ta ake gane ta farkon.

Turanci yana da "to" iri biyu, rubutunsu ɗaya, aikinsu daban. Akwai wadda take tsayawa gaban aikatau tsurarsa, kamar a "I want to go" da "she decided to stay". Akwai kuma wadda take cikin dangin "on", "at", "with" da "for", wato ƙananan kalmomin nan da suna ne yake bin su. Wadda ke cikin "look forward to" irin ta biyun ce. Tunda suna take nema, idan aikatau zai biyo bayanta dole ya sa rigar suna, ya ɗauki -ing. Shi ya sa ake cewa "to hearing from you", kuma malamin yana da gaskiya.

Gwajin ba wuya. Ki cire aikatau ɗin ki sa "it" a gurbinsa. "I look forward to it" ta zauna daram, ke nan -ing ake so. "I want to it" kuwa ba Turanci ba ce, ke nan aikatau tsurarsa ake so. Da wannan gwajin za ki kama "object to", "own up to", "resort to", "get round to" da "get down to", duk -ing suke ɗauka: "He owned up to taking the money." Haka nan ake raba tagwayen da ke rikita ɗalibai, "I used to trek", wato a da nakan tafi a ƙasa amma yanzu na daina, da "I am used to trekking", wato na saba da tafiyar ƙasa.

Idan babu "to" kwata-kwata, ƙaramar kalmar ce a ƙarshe, -ing ne ke biyowa: "give up smoking", "put off paying", "end up losing". Wurin da ya kamata a lura shi ne "go on", domin tana ɗaukar duka biyun kuma ma'ana tana sauyawa:

"He went on talking about the fees." Dama maganar kuɗin makaranta yake yi, sai ya ci gaba da ita.

"He went on to talk about the fees." Ya gama wata magana, sai ya shiga ta kuɗin makaranta.

Yanzu sai batun mallaka. Tunda kalmar -ing a nan suna ce, tana iya samun mai ita. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan, domin haka muke cewa "ina jiran zuwanka", "ban ji daɗin tafiyarsa ba". "Your coming" ita ce "zuwanka" sak. Ga su gefe da gefe:

"We insist on his paying today."

"We insist on him paying today."

Duka biyun Turanci ne karɓaɓɓe, kuma duk wanda ya ce miki ta biyun kuskure ce ya tsananta. Bambancinsu na muhalli ne. Ta farko ita ce ta wasiƙar ofis, rahoto da rubutun ilimi. Ta biyu ita ce ta baki, ita Turawan Ingila da na Amurka suka fi faɗa a hira, kuma tana fitowa a rubuce sosai. Jayayyar tsohuwa ce: masanin Turanci ɗan Ingila, H. W. Fowler, ya soki ta biyun a littafinsa na 1926, wasu masana nahawu suka mayar masa da cewa manyan marubuta sun daɗe suna amfani da ita. Ga mai shirin WAEC, NECO ko JAMB, idan "his" da "him" suka fito tare cikin zaɓi gaban -ing bayan irin waɗannan kalmomi, "his" ce ta bi tsohuwar ƙa'idar da ake koyarwa a aji, ita za a ɗauka. Wadda ba ta da mazauni ko'ina ita ce "we insist on he paying".

Wani lokaci ba muhalli kaɗai ba ne, ma'ana ma takan ɗan karkata. "I can't put up with his singing" tana iya nufin yadda yake waƙar ne ya dame ni, muryar ko salon. "I can't put up with him singing" ta fi nufin yin waƙar ne ba na so, wataƙila don dare ya yi ko ana karatu, ko da muryarsa tana da daɗi. Da "her" ba a ganin wannan bambancin, domin siffarta ɗaya ce a wuraren biyu.

Akwai inda mallaka take yin nauyi har ta ɓata jimla, kuma masu haddace ƙa'ida ba tare da sauraron harshen ba nan suke faɗawa. Idan mai aikin dogon suna ne, a bar shi haka: "She objected to the man at the gate collecting money." Liƙa 's a jikin "gate" ba ya yi wa kowa daɗin ji. Idan abu ne marar rai, haka ma: "We were worried about the generator breaking down." Kalmomi irin su "this", "that", "all" da "some" ba su ma da siffar mallaka da za a sa a nan, sai dai "I object to that being said".

Akwai kuma inda mallaka haramun ce. Idan mutumin ya shiga tsakanin aikatau da ƙaramar kalmar, shi ne aikin ya faɗa wa, don haka "him" ake sawa: "They talked him into signing", "We stopped them from leaving". Haka bayan "see", "hear", "catch", "find" da "keep": "I caught him copying", "Sorry I kept you waiting". Sannan mallaka ba ta taɓa zama gaban "to" mai aikatau tsurarsa. Ki duba "count on":

"I am counting on his coming early."

"I am counting on him to come early."

Duka sun yi. "Counting on his to come" kuwa ba ta yi ba, domin "his" tana neman abin da za ta mallaka, kuma "to come" ba ya mallakuwa.

Kada a haɗa wannan da mallakar da take cikin ginin maganar tun asali, kamar "make up one's mind". A nan "my", "her" ko "their" tana bin mai aikin ne, ba a zaɓa: "She made up her mind to resign", "They made up their minds to stay". Abin da ke biyowa "to" ce da aikatau tsurarsa. Amma "make up for" ta ƙare da "for", sai ta koma -ing: "He made up for coming late."

Idan za ki rubuta wasiƙa, ki duba wane ne zai yi aikin. Idan ke ce za ki ji ko za ki gani, ba a sa mallaka: "I look forward to hearing from you", ba "my hearing" ba. Idan wanda kike rubuta wa ne zai zo, kuma wasiƙar ta ofis ce, ki rubuta "I look forward to your coming", ko ki sa suna kai tsaye ki ce "your visit" ko "your reply". Idan saƙon waya ne zuwa ga ƙawa, "you coming" ta wadatar.