Yakuza (Like a Dragon): ra'ayina a kan gem ɗin 'yan daban Japan

Maganar farko dai, duk wanda ya ce maka Yakuza ita ce GTA (gem ɗin nan na satar mota) ta Japan to bai buga ba, ko kuma ya ɗan taɓa ya ajiye pad. Ba ka satar mota, ba ka bin mutane a titi kana take su, kai ko mai wucewa ba za ka iya ɗaga wa hannu ba sai in shi ne ya tare ka da faɗa. In ɓarna kake nema ka riƙe kuɗinka. Wannan gem ne na labari, labari mai tsawo da kuka da rantsuwa da cin amana, sai ka ce fim ɗin Indiya irin na da wanda jarumi zai sha duka jini na zuba amma sai ya tsaya ya yi wa mugu wa'azi tukuna kafin ya rama, sannan a tsakiyar duk wannan a cusa maka shirmen da zai sa ka dariya har da hawaye.

Kamfanin Sega ne suke yin sa, na farko ya fito a Japan a Disambar 2005 a PS2, Toshihiro Nagoshi ne ya jagoranci aikin har ya bar kamfanin a 2021. A can gida sunansa Ryu ga Gotoku, a waje aka sa masa Yakuza, daga 2022 kuma suka koma kiran sababbin Like a Dragon, saboda haka in ka ga suna biyu kar ka ruɗe abu ɗaya ne.

Jarumin shi ne Kazuma Kiryu, ɗan ƙungiyar yakuza, wato 'yan daban Japan, mai suna Tojo, mutum mai ɗaure fuska da zanen dodo a gadon baya. A 1995 amininsa Nishikiyama ya kashe ubangidansu, Kiryu ya ce shi ya yi, ya tafi ya yi shekara 10 a gidan yari, ya fito ya tarar an sace yen biliyan 10 daga asusun ƙungiya, aminin nan ya zama wani mutum daban, ga wata yarinya Haruka da kowa ke nema. Daga nan ake ta ja har yau. Abin da ya riƙe ni ni dai shi ne mutumin nan tsufa yake yi a gabanka. A Yakuza 0 yana ɗan shekara 20, a na 3 ya koma Okinawa yana riƙe da gidan marayu, a na 5 direban tasi ne a Fukuoka da sunan bogi, a Infinite Wealth na 2024 gashi ya yi fari ga cutar kansa tana cinsa. Ba kasafai gem ke barin jaruminsa ya tsufa haka ba, yawanci ko shekara nawa aka yi fuskar nan ce dai.

Haka ma unguwar. Kamurocho suke ce mata, kwafin Kabukicho ce da ke Shinjuku a Tokiyo, unguwar mashaya da gidajen rawa da fitilu. Ƙarama ce, a guje za ka ratsa ta cikin 'yan mintuna, wasu ma a nan suke raina gem ɗin wai taswira ba girma. Amma a cike take fam, kusan duk lungu akwai ƙofar da za ka shiga, gidan cin abinci, kanti, gidan wasa na Sega da za ka zauna ka buga tsofaffin gem irin su OutRun ko Space Harrier na ainihi a cikin gem ɗin, wurin buga ƙwallon sanda, wurin rera waƙa. Kuma da yake ita ake dawowa kusan kullum sai ka haddace ta, ka daina duba taswira, ka lura shagon da ke nan a 1988 an rushe shi an gina wani abu a 2005. Masu sukar suna cewa ragwanci ne kawai, sun ƙi gina sabon gari suna ta sayar mana da tsoho, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki tunda shi ya sa suke iya fitar da gem kusan duk shekara, amma ni wannan maimaicin riba na ɗauke shi.

To yanzu Yakuza 0, wanda shi ne nake cewa kowa ya fara da shi. Ya fito a Japan a 2015, ya iso sauran duniya a 2017. Labarin a Disambar 1988 aka kafa shi lokacin da kuɗi ya yi wa Japan yawa farashin fili ya haukace, kuma duk rigimar a kan wani ɗan kangon fili ne a bayan gine-gine da ko mota ba za ta juya a ciki ba, amma wanda ya mallake shi shi ke da maƙogwaron aikin sake gina unguwar gaba ɗaya. Kiryu ya je karɓo bashi ya daki wani mutum a wurin, washegari aka ce an tsinci gawarsa. Kuɗi kuwa ko'ina, ka naushi mutum takardun yen ne ke watsuwa daga jikinsa, kuma da kuɗin nan kake sayen sababbin dabarun faɗa, wallahi dabarar ta yi ma'ana don zamanin ne aka sa maka a hannu.

Kana buga mutum biyu, babi biyu Kiryu babi biyu Goro Majima mai ido ɗaya da aka kora daga ƙungiya aka tsare shi a Osaka yana manajan wani katon gidan rawa mai suna Grand. Yadda aka gabatar da Majima kaɗai ya isa kuɗin gem ɗin. Wani bugagge ya takura wa ma'aikaciya, Majima ya zo cikin ladabi yana ba shi haƙuri, mutumin ya juye masa kwalbar giya a ka, shi ko gezau, ya sa makaɗa suka ɗau kiɗa, mutumin na kawo hari yana gocewa bai rama ko sau ɗaya ba don wai kwastoma sarki ne, ƙarshe maimakon a kira 'yan sanda ya sa shi biyan kuɗin abin da kowa ya sha a daren nan, jama'a suka ɗau tafi. Sai bayan an watse ka gane ashe mutumin nan fursuna ne, duk inda ya juya akwai mai sa masa ido. Daga baya aka ce ya kashe wani mai suna Makoto Makimura in yana so a mayar da shi gida, ya je ya tarar ashe mace ce makauniya. Ba zan wuce nan ba.

Ga kuma Kuze, tsohon ɗan dambe da Kiryu ya ja aka yanke masa ɗan yatsa, irin hukuncin nan nasu na wanda ya yi laifi. Sau 5 za ka yi faɗa da shi, har da wanda ya biyo ka cikin magudanar ruwa a kan babur da bututun ƙarfe a hannu, tun kana tsakin wai wannan tsohon bai gajiya ne har ka dawo kana ganin girmansa.

Faɗan kansa naushi ne da ƙafa da duk abin da hannunka ya kai, keke, kujera, allon talla, in ma'aunin zafinka ya cika ka danna maɓalli ɗaya ka ga an haɗa kan mutum da bango. Kiryu da Majima kowannensu salo uku yake samu tun da wuri kana sauyawa a tsakiyar faɗa. Yana da daɗi amma ba zan yi maka ƙarya ba yana gundura, musamman 'yan iskan titi da ke tare ka duk taku goma alhali sauri kake ka je ka ga cigaban labari. Sannan abin dariya wai Kiryu ba mai kisa ba ne, mutumin da na ga ya caka wa wani wuƙa a ciki, bayan faɗa kuma wancan ya miƙe yana riƙe da kugu yana ba da haƙuri.

Ƙananan labaran gefe su ne rabin daɗin, guda 100 ne a 0 kaɗai. Akwai wani yaro da ya sha layi ya sayi sabon kaset ɗin gem wani ɗan sakandare ya ƙwace, ka bi ɗan sakandaren ya ce ai shi ma wani ɗan iska ya ƙwace masa, ka bi wancan ya ce wani ɗan yakuza ya karɓe, ka je ka lallasa ɗan yakuzan sai ga shi ashe uban yaron ne, ɗansa yake so ya kai wa tsaraba. Akwai kazar da ake ba ka kyauta a gidan wasan bolin, Kiryu ya ƙi yarda a yanka ta ya sa mata suna Nugget, ƙarshe ta zama manaja a kamfaninsa na dillancin gidaje kuma tana aiki. Duk wannan da fuskar nan tasa a murtuke yake yi, abin da ke kashe ni da dariya kenan.

Sauran kuwa ba duka suka kai shi ba. Kiwami sabunta na farko ne, labarin na nan da kyau amma bosawan, wato manyan abokan faɗa, na da ban haushi kuma Majima na fitowa daga ko'ina har daga cikin kwandon shara, tun yana burge ka har ya ishe ka. Kiwami 2 ya fi shi kyan gani nesa. Na 3 na 2009 ya tsufa, abokan faɗa tare duka kawai suke yi, ga farkon ya yi sanyi kana ta sasanta rigimar yara. Na 4 akwai wata juyar labari ta harsashin roba da har yau ban yafe wa marubutan ba, haba, abin da aka gina a kan hawaye a zo a ce wai dama ba haka ba ne. Na 5 garuruwa biyar ne, ya yi tsawo har ka manta inda aka faro. Dama cutar gidan ce wannan, wanda ya mutu ya dawo, asirin ɓoye a cikin asirin ɓoye, sannan a ƙarshe kowa ya hau saman dogon bene ya cire riga a yi dambe.

A 2020 suka yi kasada da Yakuza: Like a Dragon, suka kawo sabon jarumi Ichiban Kasuga suka mayar da faɗan na bi da bi, kai ka zaɓi hari su ma su zaɓa, wai don shi Ichiban mayen gem ɗin Dragon Quest ne haka yake ganin duniya a kansa. Da yawa sun yi fushi, ni kuma bayan 0 shi na fi so. Ichiban mutum ne da ya ɗauki laifin wani saboda ubangidansa Arakawa, ya yi shekara 18 a ɗaure, ya fito a 2019 ba wanda ya zo tarbarsa daga ƙungiyarsu, ya je neman ubangidan sai ubangidan ya harbe shi, ya farka a juji a Yokohama cikin marasa gida. Tsintar gwangwani za ka fara yi kana leƙa ƙarƙashin injin sayar da lemo ko ka samu 'yan canji. Abokan tafiyarka wani tsohon nas da ke kwana a titi da ɗan sanda da aka kora yana gab da ritaya, duk manya ne da rayuwa ta kayar, ba yara 'yan shekara 17 masu ceton duniya ba. Kuma a nan gem ɗin ya taɓa abin da ke faruwa da gaske, zuwa 2011 duk lardunan Japan 47 sun kafa dokar da ta hana mu'amala da 'yan yakuza, ko ka tuba ka fita sai ka yi kamar shekara 5 buɗe asusun banki ko kama haya ko yin layin waya na gagarar ka, to mutum ya ci me? Infinite Wealth ma da wannan ya buɗe, Ichiban na ofishin samar da aiki yana nema wa tubabbun abin yi. Matsalar Yakuza: Like a Dragon ɗaya babba babi na 12, ana cikin tafiya lafiya sai a ce ka kawo yen miliyan 3, sannan a haɗa ka da wasu bosawa biyu da za su share ka in ba ka tsaya ka ƙara ƙarfi ba.

Infinite Wealth ya gyara faɗan sosai kuma birnin Honolulu inda ake labarin ya yi kyau, amma labarin ya watse, kuma abin da Sega suka yi na cewa sai ka ƙara kuɗi kafin ka sake buga gem ɗin daga farko da ƙarfin da ka tara, abin da a da kyauta ne, wannan son kuɗi ne tsagwaronsa ba wani suna.

Wasu abubuwa da ya kamata ka sani kafin ka saya. Surutu ne da yawa, wani lokaci ka ajiye pad ka yi ta kallo, kuma yawancin tsofaffin da Japananci suke magana fassarar Turanci a ƙasa, in ba ka son karatu za ka wahala, a babban jerin daga Like a Dragon ne muryar Turanci ta dawo. A 0 na PS4 ba ya ajiye maka inda ka tsaya da kansa sai ka je rumfar tarho, in aka ɗauke wuta bayan ka gama da bos to sai dai haƙuri, duk rumfar da ka gani ka tsaya. Sababbin na da nauyi, in da data za ka sauke gara ka nemi faifai. Sannan na manya ne, akwai giya da caca da gidajen 'yan mata, a 0 har da bidiyon mata da kayan wanka, mafi yawa a gefe suke kana iya ƙin shiga amma ba duka ba, don haka ba gem ɗin falo ba ne da ƙanne ko su Hajiya a zaune. Mahjong kuwa na bar wa masu shi.

In ɗaya za ka saya ka ɗauki 0, a da yawanci akan karya kuɗinsa lokacin rangwame a shagon Steam da na PlayStation kuma kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi na ɗaukarsa. In ba ka son faɗan danne-danne ka tsallaka kai tsaye zuwa Like a Dragon, za ka gane labarin ko ba ka san Kiryu ba, sai dai wasu fuskokin da za su fito can gaba ba za su girgiza ka yadda suka girgiza mu ba. Wanda kuma yawan lambobin jerin nan ya tsorata shi ya gwada Judgment, a Kamurocho ɗin dai ake yi amma da wani tsohon lauya Yagami da ya koma bincike yana bin sawun mai kashe 'yan yakuza, labarinsa a gem ɗaya ya fara ya ƙare, sai dai ka shirya wa bin mutum a baya kana laɓewa a bayan mota, wannan ɓangaren sun cika shi da yawa.