Dass ko Tula: wanne ya fi dacewa da mai tafiya da iyali?

Malam, kun tambaya tsakanin garin Dass na jihar Bauchi da garin Tula na jihar Gombe wanne ya fi dacewa ku kai iyali kallon duwatsu, alhali kuna zaune a Bauchi, kwana biyu kawai gare ku, kuma a cikin tawagar akwai Hajiya mahaifiyarku wadda gwiwa ke damunta, ga kuma yara 'yan firamare. Yawancin waɗanda suka riga ni amsawa sun ce Dass, saboda kusanci. Ni kuwa Tula nake ba ku shawara, domin Dass a gindin dutse take zaune, ita kuwa Tula a kan dutse aka kafa ta, kuma wannan bambanci shi ne zai yanke ko Hajiya za ta ga abin da aka fito gani ko kuwa za ta wuni a cikin mota.

Ba a raina Dass. Daga Bauchi, idan kuka bi ta Yelwa da Gwallameji da Bayara a kan hanyar da ke wucewa Bununu da Tafawa Ɓalewa, tafiyar kimanin awa ɗaya ce, kuma tun kafin ku shiga gari za ku hango duwatsun Mbula sun tokare sama a bayansa. Duwatsu ne masu santsi, manya-manya, wasu sun hau kan wasu kamar an jera su da hannu, a ƙarƙashinsu kuma ga fadamun shinkafa da aka san ƙasar da su. Gari ne na Jarawa da Bankalawa da Barawa, mai masarautarsa, kuma mutum zai iya fita da safe ya dawo Bauchi kafin magariba ba tare da ya biya kuɗin masauki ba. Sai dai kyan Dass na gaske yana sama, kuma da ƙafa ake kai masa. Hawan yana buƙatar a dafa da hannu a wasu wurare, silifas na zamewa a kan falalen dutse, kuma da zarar hantsi ya dubi ludayi dutsen yakan ɗauki zafin da tafin hannu ba ya jurewa. Ga samari masu ƙarfi a jika wannan shi ne daɗin abin. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa kuwa, abin da zai faru shi ne a bar ta a ƙarƙashin bishiya tare da ƙaramin yaro, sauran su hau su dawo su nuna mata hotuna a waya, kuma ban ga amfanin fito da ita daga gida domin haka ba.

Tula tana cikin ƙaramar hukumar Kaltungo a kudancin jihar Gombe, jihar da aka cire daga Bauchi a 1996, saboda haka ba baƙuwar ƙasa za ku shiga ba. Nisan ne abin dubawa: daga Bauchi za ku haye gadar Dindima a kan kogin Gongola, ku wuce Alkaleri zuwa Gombe, sannan ku kama hanyar Yola ta Kumo da Billiri har Kaltungo, jimilla fiye da kilomita 200. Amma hanyar da kanta wani ɓangare ne na kallon. Daga wajejen Billiri za ku fara ganin Dutsen Tangale a tsaye shi kaɗai da tsininsa, wanda ragowar aman wuta ne na zamanin da, kuma yara ba sa gajiya da leƙensa ta taga. Bayan Kaltungo sai a ratse, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa, har mota ta kai ku saman tudun inda garin yake. A nan Hajiya za ta fito ta yi taku kaɗan, a shimfiɗa mata darduma, ta ga kwari da gonaki da ƙauyuka sun bazu a ƙasa har iyakar ganinta, iska kuma tana kaɗawa da sanyin da ba a samu a ƙasan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Tula shi ne gonakinta. Da yake ƙasar gangare ce, manoman wurin sun jera duwatsu layi-layi a jikin tudu, kowane layi bai fi tsayin gwiwa ko ƙugu ba, ba siminti ba laka, domin ya tare ƙasa da taki kada ruwan sama ya kwashe su zuwa kwari. A bayan kowace katanga sai a sami ɗan fili shimfiɗaɗɗe, wani faɗinsa bai wuce taku biyu ba, an shuka dawa ko gyaɗa ko wake. Idan kuka matsa kusa za ku ga inda aka toshe ɓaraka da ƙananan duwatsu bayan damina, domin aiki ne da ake gyarawa kowace shekara tun kaka da kakanni. Ku tsaya da yaran a nan ku nuna musu da kyau, saboda darasin zaizayar ƙasa da suke haddacewa a aji ga shi a fili, tare da maganinsa. Tarihin wurin ma yana da nauyi: Wange da Yiri da Baule su ne sassan Tula, mutanensu sun dogara da tudun nan wajen kare kansu a zamanin yaƙe-yaƙe, daga baya kuma Turawan mulkin mallaka suka mai da wurin cibiyar mulkin yankin Tangale-Waja, shi ya sa ake samun tsofaffin gine-gine da gidan yari tun na wancan lokaci. Kada dai a ɗauki hoton gidan yarin ba da izini ba.

Ta fuskar kuɗi Dass ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, wannan ba abin musu ba ne. Tula za ta ci mai, ta ci kuɗin kwana, kuma tana son mota mai lafiyayyen birki da direban da ya iya saukowa gangare da ƙaramin giya. Akwai kuma maganar maciji, wadda bai kamata a ɓoye ba: ƙasar Kaltungo ta yi suna da kububuwa, har akwai asibiti na musamman a garin domin masu saran maciji, kuma abin ya fi yawa a lokacin shuka da girbi. Saboda haka kowa ya sa takalmi rufaffe, kuma a hana yara cusa hannu a tsakanin duwatsun katangun nan ko kutsawa cikin ciyawa. Wannan gargaɗi ya shafi Dass ma.

Lokaci kuwa, ƙarshen damina ya fi, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da ƙasa take kore kuma sama take garau. Idan hutun Disamba kuke nufi, ku sani hazon hunturu yana iya rufe nesa, kuma Tula ce za ta fi yin asara da shi tunda hangen nesa shi ne jarinta. Idan kuka tashi kuka ga hazo ya yi kauri, gara a ɗage tafiyar da 'yan kwanaki. In kun amince da shawarata, ku bar Bauchi da hantsi ku kwana a Gombe, inda masauki ya fi yawa, ku yi sammako bayan sallar asuba ku hau Tula kafin rana ta yi zafi. Da isarku ku fara gaida mai unguwa ku nemi ya haɗa ku da ɗan gari da zai yi muku jagora, ku riƙe masa ɗan abin goro, sannan ku sauko da azahar domin ku shiga Bauchi da sauran haske. Ku gaida mana Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.