Kejin nan mai faɗi na ƙananan aku, ga abin da na gani

Masu kiwon tsuntsu a gida, ga ra'ayina akan kejin ƙarfen nan da yake zuwa a kwali kai ka haɗa da kanka, mai faɗin santimita 76, tsayi da zurfi wajen 46, da tire a ƙasa wanda ake jawowa. Baji biyu ne a ciki, ƙananan akun nan masu kore da rawaya.

Faɗin nan shine ya sa na zaɓe shi kuma wallahi ya biya ni. Baji tsuntsun fili ne, a Ostireliya garke-garke suke tashi neman ruwa da tsabar ciyawa, kuma duk da tun 1840 wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, ya kai su Ingila aka shiga kiwonsu a gida, son tashi bai fita daga jininsu ba. Gefe zuwa gefe suke tashi ba sama da ƙasa ba, shi yasa dogayen kejin nan masu zagaye da ake saya saboda ado suke bani tausayi, tsuntsu sai dai ya yi ta hawa waya da baki da ƙafa. A wannan kuwa da safe za ka ji fir fir daga wannan sanda zuwa waccan suna ta surutu.

Tazarar wayoyin santimita 1.2 ce, kan tsuntsu baya shiga balle ya maƙale. Fentin ma ya kama sosai duk da gwaguyar da suke yi, kuma wannan ba ƙaramin abu bane don tsatsa da sinadarin zink na wayar da ba'a rufe ba guba ne gare su.

Amma fa sandunan roba da suka zo dashi, dan Allah a cire. Duk kaurinsu ɗaya, ga santsi, ƙafa tana riƙe wuri ɗaya dare da rana har tafin ya yi ja ya fara gyambo, masu kama da sanfefa ɗin nan ma sun fi muni. Na sa rassan itace da na wanke na busar, wani siriri wani mai kauri, suna ɓare ɓawon suna goga baki. Ƙofofin abinci kuma irin waɗanda ake turawa sama ne, macen cikin bajin nawa ta gano yadda ake ɗagawa da baki, dole na ɗaure su.

Kofin abincin yana da zurfi kuma yana yaudara. Baji ɓare tsaba yake ya bar ƙaiƙayin a sama, sai ka leƙa ka ga kofi cike alhali ka hura kawai za ka ga ya tashi ba komai a ƙasa, tsuntsu ɗan gram 30 zuwa 40 kuwa baya jure yunwa ko ta kwana biyu. Kullum a hura a duba. Gefen ƙasan ma gajere ne, shara kam za ka sha ta.

Tiren nake so, yana fita ba gardama. Ina shimfiɗa takarda ina canzawa kullum, anan nake ganin kashinsu, don tsuntsu yana ɓoye ciwo, kafin ya kumbura gashi ya zauna shiru sau da yawa kashin ya riga ya canza.

Kejin ba nauyi, mutum ɗaya zai ɗauka, to a nisanta shi da kicin, hayaƙin kaskon Teflon, irin wanda abinci baya kamawa ɗin nan, idan yayi zafi sosai yana kashe su, haka maganin feshi. Bai zo da mayafi ba, ni nake rufa masa zane da dare su samu baccin awa 10 zuwa 12.

Ga baji ko kanari guda biyu ya yi sosai. Babban aku mai jan wutsiya kam kar ma a gwada, wurin ya masa kaɗan kuma wayar nan lanƙwasa ta zai yi.