Kwat ɗin ulu daga hannun wani tsohon tela a Donegal

Idan kana Ailan kuma sanyin Janairu ya ishe ka, ina ba ka shawara ka je ka yi awo wajen telan ƙauye, muddin kana da haƙuri. Nawa telan yana wani ƙauye kusa da Ardara, a gundumar Donegal, inda saƙar ulu ta zama gado. Kamfanin Magee da ke garin Donegal tun 1866 yake wannan harka.

Yadin ulun Donegal, wanda ake kira tweed, mai kauri ne, da ɗigo-ɗigon launi da ake cusawa tun wajen kaɗin zare. Na zaɓi mai ruwan toka.

Ni ɗan tela ne, a shagon babana a Fagge na tashi, don haka hannun dattijon na fi kallo. Yana da keke, amma wuyan kwat da ramin maɓalli da allura yake yin su, zaune a kan tebur ya harɗe ƙafa. Zaren sai ya ja shi a kan kakin zuma kafin ya ɗinka. Ƙarfen da yake sa wa a yatsa ba shi da rufi a sama, don da gefen yatsa yake tura allura. Abin da ya fi burge ni gugarsa. Yakan shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ɗora dutsen guga mai nauyin gaske, tururi ya tashi, ulun ya lanƙwashe ya bi kafaɗa. A nan kwat ɗin ya sami siffarsa. Tsohon dutsen gugar da ake gasawa a wuta yana nan a ajiye kan kanta, na zamanin da tela ke bin gida-gida, ya kwana, ya ci abincin masu gida har ya gama ɗinka musu tufafin shekara.

Aibu? Akwai. Alkawarin tela ko'ina ɗaya ne, na jira har na gaji. Ba ya karɓar kati, sai tsaba, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Yadin yana ƙaiƙayi a wuya idan babu riga mai kwala a ciki, ga nauyi.

Amma iskar Atlantika ba ta ratsa shi, yayyafi kuma sai ya daɗe kafin ya jiƙa shi. Ya bar rarar yadi a ciki saboda ranar da tumbi zai fito. Kada dai ka ce za ka kai shi gida Kano, ko da hunturu ne gumi zai kore ka.